Saura Minti Huɗu

Koci Akinyele bai ko dube ni ba,
yatsa kawai ya kaɗa,
sai ga Nafi'u ya miƙe yana tuɓe rigar sama,
yaron da kansa bai wuce hammatata ba.

Na fito.
Tawul a wuya, gwiwa ta kusa taɓa haɓa,
don ba a yi bencin Surulere da irina a rai ba.
Fankar sama tana ta juya zafi, kamar mai tuƙa tuwo.

Tun bayan la'asar nake ƙarƙashin kwando,
haƙarƙarina ya sha gwiwar hannu har ya ƙoshi.
Sau goma sha ɗaya na ƙwato ƙwallo daga allo,
sau uku na mare ta tana sama.
'Yan Agege da suka ciko danfo biyu saboda ni
suna ta ihu: Rimi! A maido mana Rimi!

Ku bari, 'yan'uwa. Na san lissafin.

Kun taɓa ganin tirela a Apapa
tana neman juyawa da yamma?
Kafin direba ya gama murɗa sitiyari
'yan acaɓa bakwai sun wuce ta gefenta.
Haka ƙafafuna suke a zubin ƙarshe.
Jawo ni suke yi can waje, nesa da gidana,
su haɗa ni da wani mai zillo kamar tarwaɗa,
ya nuna dama, in bi dama,
ashe tuni ya kwana a hagu.

Ga kuma layin jifan kyauta.
Duk Legas ta san asirina:
cikin goma, huɗu nake jefawa.
Da gangan za su rungume ni kamar an daɗe ba a haɗu ba,
usur ya tashi, zaure ya yi tsit,
kwando ya tsuke ya koma bakin kwalba.
Nafi'u tara yake zubawa,
yana taunar cingam.

In gajeru biyar suka shiga,
kowa na iya tsare kowa, ba a neman wanda aka bari a baya,
kowa na iya harbo ta daga nesa, maki uku,
dole masu tsaro su watse su bi su,
tsakiya ta buɗe
kamar gadar Eko da asubahin Lahadi.
In ina ciki, ni ne cunkoson.

Kawu Ma'azu mai albasa a Mil Sha Biyu
ya taɓa ce mini: da safe ake cinikin buhu,
in kasuwa ta zo tashi, kashi-kashi ke tafiya.
A lokacin dariya na yi.

Saura daƙiƙa tara, suna gabanmu da ɗaya.
Nafi'u ya kutsa, ya jefa,
ta bugi ƙarfe, ta tashi,
ta tsaya a daidai wurin nan
da hannuna kaɗai ya san hanyarsa.
Sai na ga hannun nawa a sama,
ni ina zaune,
tawul ya faɗi.

Ta sauko a gefe, tana gudu.
Chibuzo ya riga kowa, don shi ya fi kusa da ƙasa,
ya miƙa wa Sagir a kusurwa,
raga ta ce fat.

Na yi tsalle, ba zan ɓoye ba.
Na ɗaga Sagir sama da hannu ɗaya,
ko banza na yi wani amfani.

A danfon komawa na naɗe kaina gida uku,
wuyana a karkace, rufi yana goga mini ƙeya.
Nafi'u ya miƙe ƙafa son ransa,
kafin Oshodi ya yi barci a kafaɗata.
Ban motsa ba har Agege.